Gida Mai Kallon Teku

Shekara ashirin da shida ina dillancin gidaje a Valparaíso,
makullai a jaka, gwiwa na kuka a kan matattakala.
Na san kowane tudu da karnukansa,
na san rufin da ke yoyo tun kafin mai shi ya fara rantsuwa.
A da, allo nake kafawa a ƙofa in koma in jira.
Yanzu allon ya yi tsatsa, ba mai ɗaga kai,
kowa idonsa na cikin tafin hannunsa.

Baltasar, ɗan ƙanwata, ya ce: Inna Ximena,
kasuwa ta tashi, ta koma cikin waya.
Ya zaunar da ni, ya nuna mini gwanjon kalmomi.
Ashe kalma ma tayawa ake, kamar kifin safe a bakin ruwa!
"Gida" da tsada, "teku" ta fi,
in ka haɗa su biyun, sai ka dafe aljihu.
Duk wanda ya danna, peso ɗari huɗu sun tafi,
ko mai saye ne, ko mai hamma a cikin bas.

Gidan marigayiya Eulogia na sa a gaba,
shuɗi, katako da kwano, maƙale a wuyan tudu.
Na rubuta: mai kallon teku.
Ban yi ƙarya ba, ban kuma cika mudun gaskiya ba:
sai ka shiga banɗaki, ka taka bokiti, ka miƙa wuya,
sannan ka ga ruwa, faɗin hankici.
Daga kan bokitin Baltasar ya ɗauki hoto,
ya ƙara wa rana ja, ya saki a Instagiram.
Zukata suka yi ta zuba kamar ruwan Yuni,
dubu uku, ba wadda ta tambayi farashi.
Gani ba ci ba.

Ƙarshen wata yaron ya tsuke fuska:
Akwai wani mai dannawa kullum, cikin darenmu,
daga Malmö, can ƙasar sanyi.
Sau arba'in da ɗaya! Cin kuɗinmu yake, bari in toshe shi.
Na ce bari in sha shayina tukuna.

Kafin shayin ya huce saƙo ya shigo.
Sunana Anselmo, autan Eulogia.
Ba saye zan yi ba, yayyena ne ke sayarwa.
Na bar gidan ina ɗan sha tara, da jaka ɗaya.
Kowace asuba nakan rubuta kalmomin nan,
in danna na sama, in shiga ɗaki-ɗaki.
Tambaya ɗaya gare ni:
wanda ya ɗauki tekun nan, a kan me ya tsaya?
Ni a kan akwatin lemo nake hawa in ƙirga jirage.

Bai san ana biya ba.
Ni ma ban san kewa nake saya ba,
ɗari huɗu-huɗu, ina kai wa tsoho har gadonsa.

Gidan ya faɗa hannun wata likitar haƙori daga Santiago.
Ta auna kicin, ta ƙwanƙwasa bango,
tagar banɗaki ko kallo ba ta ishe ta ba.
Na karɓi la'adata.
Baltasar ya ce yau sai a kashe talla.
Na ce bar ta zuwa Lahadi.
Ya ce, a wane layi zan rubuta wannan? Asara?

Ban amsa ba. Makullin na hannuna har gobe.
Da la'asar na hau tudun, gwiwa na zagina,
na kife bokiti, na dafa bango, na miƙa wuya.
Jirage huɗu ne, Anselmo.
Ɗaya yana fita.